Me babba da gemunsa yake gani a fim ɗin faɗuwa da buge-buge?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Yarana da babansu in suka zauna kallon Home Alone ko Mista Bin ko Tom and Jerry har hawaye suke don dariya, ni kuma ba abin da nake gani sai wani ya zame ya faɗi, an kwaɗa wa wani abu a ka. Na yaran na gane, yarinta ce. Amma shi babban da gemunsa me yake gani a ciki? Sannan irin wannan ba zai koya wa yara mugunta ba?"

Toh Hajiya, Allah ya raya mana zuri'a. Ni sana'ata tace fim ce, wato yanka da haɗa hotunansa da sautinsa, da koyar da wasan kwaikwayo, kuma wannan abin da kike wa kallon shirme mu a wajenmu yana cikin mafi wahalar aiki, sa mutum kuka ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, ki tsayar da marainiya gaban kyamara ki saki sarewa a ƙasa an gama. Abin da zan fara gaya miki shine maigidan naki da yaran lokaci ɗaya suke fashewa da dariya amma ba abu ɗaya suke wa dariyar ba. Faɗuwa ɗaya ce a allo, kowa da abin da ya tsinta a cikinta, kuma masu shirya irin finafinan nan da gangan suke gina ta haka, sun san ba yaro ke biyan kuɗin tikiti ba, ba shi ke riƙe da rimot ba, dole a ajiye wa babban ma nasa rabon.

Abin tsoho ne, tare aka haife su da fim ɗin kansa. A watan Disamba 1895 da wasu Faransawa wa da ƙani, su Lumière, suka fara nuna wa jama'a fim da kuɗi a birnin Paris, cikin 'yan gajerun da suka haska akwai wani da bai kai minti ɗaya ba. Mai lambu ne yana ban ruwa da tiyo, yaro ya laɓaɓo ta baya ya take tiyon, ruwa ya ɗauke, mutumin ya ɗaga bakin tiyon yana leƙawa ko lafiya, yaro ya ɗage ƙafa, ruwa ya wanke masa fuska. Ya bi yaron ya kamo shi ya ɗan zane shi, shikenan fim ya ƙare. Ki duba abin da ke ciki, ƙarami ya ci galaba kan babba, mu 'yan kallo mun hango abin da zai faru tun mai lambun bai sani ba, kuma ruwa ne kawai ba wanda ya ji ciwo. Shekara 95 bayan nan aka yi Home Alone da dala miliyan 18 ya kawo sama da miliyan 470, kuma in kika cire kiɗan da dusar ƙanƙarar da kayan Kirsimeti, yaron nan ne dai da tiyonsa.

Mu fara da yaran, duk da kin ce kin gane nasu, inaga akwai abin da ya wuce yarinta kawai. Ki ɗauki ɗan shekara biyar ki bi yininsa. Komai na gidan ya fi ƙarfinsa, makunnin fitila ya yi masa nisa, shi ke zubar da koko a riga, shi ke tuntuɓe, shi ake cewa kai ba ka gani ne, zauna, tashi, yi mana shiru, wa ya ce ka taɓa. Duk wanda ya girme shi a gidan yana da ikon aikensa. Sai a kunna masa fim ya ga ƙato, wanda ya kamata a ce shi ke ba da tsoro, ya taka motar wasan yara ya yi sama ya dawo ta baya tim, kuma wanda ya ɗana masa tarkon yaro ne ɗan shekara takwas. Dariyar nan da kike ji har da ramuwa a cikinta. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, shine dai abin da ya sa muka tashi muna bayan Gizo duk da mun san maƙaryaci ne mayaudari, saboda shi ne ƙaramin, Kura da Zaki su ne manyan. Haka tashe, in azumi ya kai goma yara su manna gemun auduga su duƙa da sanda suna tafiyar tsoho, manya kuma su ba su kuɗi ko hatsi a kan sun kwaikwaye su, ba mai cewa rashin kunya ce.

Sai batun harshe. Jariri tun yana wata uku zuwa huɗu yake fara dariya, kuma abin da ke ba shi dariyar duk na jiki ne, cakulkuli, ki rufe fuska ki buɗe, ki ɗora takalmi a ka. Barkwancin magana irin wanda kalma ɗaya ke da ma'ana biyu sai ya kai wajen shekara shida bakwai yake fara kama shi, gatse ma ya fi haka daɗewa. Amma ɗan shekara uku ya san mutum a tsaye ake ganinsa, in ya gan shi ƙafa a sama ya san an saɓa. Shi ya sa Tom and Jerry da aka fara a 1940 kusan ba sa magana sam, kiɗa da ƙara ke ba da labarin, Mista Bin ma gunaguni kawai yake. Yaron da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba bai rasa komai ba, kakarsa ma haka, ba mai cewa me ya ce me ya ce. Baby's Day Out na 1994, na jaririn nan da ɓarayi uku suka sace yana ta rarrafe cikin gari suna shan wuya, a Amurka faɗuwa ya yi bai mayar da kuɗinsa ba, amma a Indiya ya yi kasuwar da har sake yin sa suka yi da harsunansu, mu ma nan zamanin kaset da wuya ki shiga shagon haya ba ki same shi ba. Kuma in kin lura yara suna iya kallon abu ɗaya sau ba adadi, wannan ma da dalili, ya riga ya san gwangwanin fentin nan na Home Alone zai sauko wa ɓarawo a ka, yana taɓa ƙaninsa yana cewa tsaya ka gani tsaya ka gani, a lokacin shi ne masani a ɗakin, abin da ba kullum yake samu ba.

Yanzu mu zo kan mai gemu. Shi babba ba faɗuwar ce ke ba shi dariya ba, wanda ya faɗin ne. In tsohuwa ta zame a bakin kwata ba mai hankalin da zai yi dariya, salati za a yi a ruga a ɗaga ta. Amma a ce wani ne ya sha babbar riga ta sha sitati, yana tafe yana hura hanci, an gaishe shi ya amsa da ƙyar, sai santsi ya kwashe shi hula ta yi gefe, wallahi ko liman ne a wajen sai ya juya baya ya gyara fuska kafin ya ce sannu Alhaji. Isar ce ta zube ake wa dariya. Shi kuma babba a cikin ɗaukar isa yake yini, tasa da ta wasu, oga a ofis, mai gidan haya, ɗan sanda a hanya, surukai, shi kansa dole ya shigo gida da fuskar maigida ko da aljihu ba ko sisi. Charlie Chaplin tun zamanin fim mara magana a nan ya kafa kasuwarsa, talaka ne futuk takalmi ya fi ƙafa amma da hular manya da sanda yana tafiyar ƙasaita, waɗanda yake shura ta baya kuma yawanci 'yan sanda ne da masu kuɗi da ƙartin da suka ninka shi. Shi kansa cikin talauci ya tashi a Landan, har gidan gajiyayyu an kai shi yana yaro, ya san wanda talaka ke so ya ga ya sha ƙasa. Marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a Disamban 2014, ki tuna irin mutumin da ya fi fitowa a matsayinsa, mai cika baki ne wanda ya san komai ya iya komai, sai kwaɗayi ko tsoro ya tona masa asiri ya ranta a na kare. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki.

Akwai wani masanin falsafa Bafaranshe, Henri Bergson, da ya yi ɗan littafi kan dariya a 1900, ni har yau ban ga wanda ya fi shi kama bakin zaren ba. A ganinsa muna dariya ne idan ɗan adam ya koma inji, wato ya ci gaba da abin da ya saba alhali halin da ake ciki ya canza, ƙafa na ta tafiya bayan ƙasa ta ƙare. Misalin da nake ba ɗalibai wani gajeren fim ne na Laurel da Hardy na 1932 da ya ci kyautar Oscar, The Music Box. 'Yan dako ne biyu, siriri da mai ƙiba, an ba su ƙaton fiyano su kai wani gida a saman tudu, matakala sama da ɗari. Su yi nisa ya kuɓuce ya gangaro har titi, su sauko su sake. Da ƙyar da jiɓin goshi suka kai shi sama, sai mai raba wasiƙa ya ce musu ai da ba ku sha wannan wahalar ba, akwai hanya ta zagayo har ƙofar gidan, da keken dokinku za ku biyo. Me suka yi? Suka sake saukowa da fiyanon ta matakalar, suka ɗora a keken, suka zagayo ta hanyar. Toh kinga yaro yana dariya duk sanda fiyanon ya gangaro yana ƙara, amma wannan saukowar ta ƙarshe ta babba ce, sai wanda ya taɓa aiki a inda ake bin ƙa'ida ko da ta saɓa wa hankali, wanda aka taɓa mayar da shi ƙarshen layi don ya cike fom da baƙin biro ba shuɗi ba, shi zai ji ta har cikinsa.

Mista Bin kuma wani salo ne daban. Rowan Atkinson mai fitowa a matsayinsa, wanda injiniyan lantarki ya karanta har digiri na biyu a Oxford, ya ce mutumin yaro ne a jikin babba, kuma shirin na asali kashi 15 ne kacal daga 1990 zuwa 1995, yawan maimaitawa ne ya sa ake zaton ya fi haka. A kashin farko ya shiga jarrabawar lissafi, ya buɗe ambulan ya ga ɓangaren da bai karanta ba, ya ƙarar da lokacin duka yana dabarar leƙen takardar na kusa da shi, sai ana dab da tashi ya gano ashe takarda biyu ce a ambulan ɗin, ɗayar ita ce wadda ya karanta. Yaro fuskar yake wa dariya da yadda yake murɗa wuya. Babansa kuwa ya taɓa zama a wannan kujerar. Gyangyaɗi a wajen ibada, son tsallake layi, ɓoye abincin da bai iya ci ba don kar a ce bai waye ba, duk abubuwa ne da babba ke ji a ransa yana dannewa saboda kunya, sai ga wani ya fito ya aikata ya kwashi kunyar shi kaɗai.

Home Alone ɗin ma in kika sake kallo da lura, tarkunan nan da kowa ke tunawa sai can wajen ƙarshe suke zuwa. Kafin nan akwai uwar da tana cikin jirgi zuwa Paris ta tuna ta baro ɗa a gida, tana bin filayen jirgi tana roƙo har ta ƙare a bayan motar wasu makaɗa, akwai tsoho maƙwabci da suka yi shekaru ba sa magana da ɗansa. Wannan ba don yara aka sa ba, su lokacin ma suke tashi shan ruwa.

Amma duk wannan da sharaɗi ɗaya, in babu shi komai ya rushe, dole mai kallo ya tabbata a ransa ba wanda ya ji ciwo da gaske. Wasu masu bincike a jami'ar Colorado, Peter McGraw da Caleb Warren, sun fitar da bayani a 2010 cewa abu yana ba da dariya ne in ya haɗa biyu a lokaci guda, an keta wata ƙa'ida, kuma ketawar ba ta da illa. In ba a keta komai ba babu abin dariya, in kuma da illa ya koma abin tausayi ko tsoro. Aikinmu na masu tacewa kusan duk a nan yake, mu tabbatar miki ba a mutu ba tun kafin ki tambaya. Sauti ne kan gaba. Kan mutum in ya haɗu da ƙarfe a zahiri wani ɗan sauti ne mara daɗin ji, mu kuma sai mu sa ƙarar tukunya ko ƙararrawa, kunne na ji ya gaya wa zuciya wasa ne. Dabarar ta girmi fim, 'yan wasan dandali na Italiya tun ƙarni na 16 suna da wata sanda mai falle biyu na katako, a ɗan taɓa mutum da ita ta yi ƙara fau alhali ko zafi bai ji ba. Sai nisan kyamara, faɗuwa daga nesa ake ɗaukarta a ga mutum gaba ɗayansa da inda ya faɗa, kina matsowa kan fuska aka ga ido ya kawo ruwa toh an koma tausayi. Jini kuwa ba ya shiga sam, kuma dole wanda ya faɗi ya tashi. Ɓarayin Home Alone an babbake wa ɗaya kai, ɗayan ya taka ƙusa, dutsen guga ya faɗo masa a fuska, kafin ki ce me sun miƙe suna ƙunƙuni sun ci gaba.

Wanda ba ya koyuwa a aji shine lokaci. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya, kuma tsakanin bugun da nuna fuskar wanda aka buga, 'yan hotuna kaɗan in suka ƙaru ko suka ragu dariyar ta mutu, kamar juya waina ne a tanda, ki yi sauri ta fashe ɗanya ki yi jinkiri ta ƙone. Yawancin masu koyo saurin yankewa suke, ba sa barin ɗan shirun nan da mutum zai tsaya ƙiƙam bai gama gane abin da ya same shi ba kafin ya saki ihu, alhali a shirun nan dariyar take. Oliver Hardy in abu ya faɗo masa sau da yawa ba ma ihun yake ba, kyamara zai juyo ya kalla, ya kalle ki ke mai kallo da fuskar kin dai gani ko.

Abin mamakin shine su masu yin da yawa sun ji ciwon gaske don ke ki yarda ba a ji ciwo ba. Buster Keaton, ɗan wasan barkwanci na zamanin fim mara magana, a 1928 ya tsaya cak aka saki gaban gida sukutum ya faɗo a kansa, tagar sama da ke buɗe ce ta zo daidai inda yake ya tsira, ba dabarar kwamfuta, da ya gusa kaɗan shikenan. A wani fim na 1924 ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi kan layin dogo, ya tashi ya ci gaba da aiki da ciwon kai, sai bayan shekaru likita ya gano ashe ƙashin wuyansa ya tsage. Jaki Chan a tsakiyar shekarun 1980 ya faɗo daga bishiya ƙoƙon kansa ya fashe sai da aka yi masa tiyata. Wannan ma wani abu ne da babba ke gani yaro bai kai ba, gwanintar, yaya aka yi ya faɗo haka bai karye ba, dawo da shi baya mu gani.

Kar ki manta kuma tare suke kallon. Robert Provine, wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka da ya yi shekaru yana nazarin yadda mutane ke dariya a rayuwar yau da kullum, ya ce mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane a kan in yana shi kaɗai. Ina da yaƙinin in kika ba maigidan Tom and Jerry shi kaɗai a ɗaki murmushi kawai zai yi ya koma labarai. Rabin dariyarsa ta yaran ce, ƙaramin ya gangaro daga kujera don dariya shi kuma yana dariyar ƙaramin. Kuma abu nawa ne uba zai zauna ya kalla da 'ya'yansa hannunsa ba a kan rimot ba? Fim ɗin soyayya ana zuwa wani wajen kowa ya kama kallon silin, na yaƙi yara su kasa barci, labarai su gudu su bar shi.

Ke kuma da ba ki dariya, ba wai ba ki da raha ba ne. Bergson ɗin nan ya ce kafin a yi dariya sai an ɗan yi wa zuciya allurar kashe zafi, tausayi ya ɗan kau da kai. Wanda shi ke wanke ciwo a gida, shi ke kwana asibiti in yaro ya faɗo daga katanga, allurar ba ta cika kama shi ba, kina ganin dutsen guga ya sauko lissafin ɗinki nawa za a yi kike. Akwai maza masu haka, akwai mata kuma da sun fi kowa shan dariyar.

Saura tambayarki ta biyu, kuma ba zan ce miki babu komai ba. Yara suna kwaikwayo, wannan tabbas ne. Tun 1961 Albert Bandura a jami'ar Stanford ya nuna yaran da suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba, in aka bar su da ita su ma dukanta suke har da salon da suka gani, daga baya ya gwada da fim abin ya fito haka. Sai dai dukan 'yar tsana a ɗakin gwaji daban, yaro ya tashi mugu daban, a nan masana har yau suna ja-in-ja. Ni abin da ya fi damuna rashin sanin sakamako ne. Abin nan da na ce muna yi, mu cire jini mu sa ƙarar tukunya, shi ne daidai abin da ke ɓoye wa ɗan shekara huɗu cewa dutsen guga yana kisa. Katun da sauƙi, yaro da wuri yake gane kyanwar zane ba kyanwar gida ba ce. Na mutane ne abin lura, musamman Home Alone na biyu na 1992 inda yaron ke jefo bulo daga saman bene yana samun mutum a goshi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a zahiri na farkon ma ya isa a yi jana'iza. Ni ƙasa da shekara bakwai ba zan bar su su kalli wannan su kaɗai ba. Ba sai kin yi wa'azi ba, ana cikin kallo ki jefa tambaya, in da gaske ne me zai sami mutumin nan? Yawanci sun sani, wanda bai sani ba kuma ya ji daga bakin yayyensa. In kin samu bidiyon yadda ake shirya irin finafinan ki nuna musu, su ga akwai mutanen da sana'arsu kenan faɗuwa a madadin jarumi, ƙusar ma ta roba ce.

Inda nake so ki fi sa ido shine wa ake wa dariyar. In ɓarawo ne ya faɗa tarkon da ya kawo kansa, ko mai girman kai, ko jarumin ne ke jawo wa kansa da wautarsa, wannan lafiya lau. Amma akwai wanda abin dariyar duka shine mutum gurgu ne, ko mai in'ina, ko wada, ko mai taɓin hankali, ko ɗan wata ƙabila da Hausarsa ba ta nuna ba. Camamarmu tana da wannan ciwon ba ƙarya, an daɗe ana cin abinci da kwaikwayon bakin wasu, wani wajen wasan taubasantaka ne da kowa ya yarda da shi, wani wajen kuma ya zarce. Su ma Turawan ba su tsira ba, tsofaffin Tom and Jerry akwai wata baƙar mata da aka zana da siffar raini irin ta zamanin wariyar launi, har daga baya aka riƙa gyara wuraren ko a sa gargaɗi kafin a fara. Irin wannan ne yaro ke ɗauka ya kai makaranta, saboda ba ya buƙatar bene ko gwangwanin fenti, bakinsa ya isa, kuma akwai mai in'ina a ajinsu.

Waɗanda na fi tsoro yanzu ma ba finafinai ba ne, gajerun bidiyon waya ne na TikTok da Facebook da ake tsokanar mutanen gaske a titi, a tsorata mai talla ta zubar da kayanta, a janye wa dattijo kujera. Siffar iri ɗaya ce da ta fim, har ƙarar tukunyar suna sawa, amma ba katifa a ƙasa, ba wanda ya yarda aka biya shi, faɗuwar gaske ce aka yi mata kwalliyar wasa, kuma ita ce yaro zai iya ɗauka da wayar yayarsa gobe. Tsakanin awa biyu na Mista Bin da minti goma na irin waɗannan, ni Mista Bin zan zaɓar wa yaro.

In kina so ki gwada wanda ke ma zai iya kama ki, ki nemi The Kid na Chaplin, 1921, wajen awa ɗaya ne, ba magana sai ɗan rubutu jefi-jefi. Talakan nan ne ya tsinci jariri an yar, ya yi ta dabarar rabuwa da shi abin ya ƙi, ya ƙare ya raine shi, da yaron ya kai shekara biyar suka buɗe sana'a, yaro ya bi unguwa yana fasa gilashin taga da dutse, uban ya ɓullo a baya da sabon gilashi a goye kamar sa'a ce ta kawo shi. Yaran za su samu guje-gujensu da ɗan sanda, akwai kuma wajen da hukuma ta zo ɗauke yaron a bayan mota yana miƙa hannu yana kuka, nan ki tanadi gefen mayafi. Sai dai tun kafin a kunna ki ja musu kunne kan tagogin maƙwabta.